Mai Gyaran Sikeli da Makin 'Yarsa

Shekara talatin ke nan yayana yana gyaran sikeli a wani ɗan shago da in ka juya sai ka ture wani abu. Mahauta da masu kayan gwari duk shi suke kawo wa. Duwatsun awonsa na ƙarfe suna cikin akwatin katako, kullum sai ya goge su kafin ya taɓa komai. Maganarsa ɗaya ce: kilo kilo ne, ko a hannun wa yake. Taurin kai kuwa, ni ƙanwarsa na sha shi tun muna yara.

'Yarsa ta fari, wadda muke tsokana da Injiniya don babu rediyon gidan da ba ta kwance ba, ta zauna jarrabawar lissafi ta shiga jami'a. Tambaya hamsin, ta faɗi biyar. Aka ba ta maki ɗari bakwai da goma, jami'ar kuma ɗari bakwai take nema. Muna ta murna, shi ko ya ɗaure fuska.

"Biyar fa ta zubar," in ji shi. "Ni sikeli mai kuskure biyar ba na mayar wa mai shi."

Na ce, "Yaya, ta wuce, ka ƙyale yarinya. Ka san fa in ta sake, sabon sakamakon kawai suke dubawa." Ina, ya kafe sai ta sake. A lissafinsa, in kuskure ya ragu dole maki ya ƙaru.

Ta sake. Ta fito tana dariya, wai takardar sauƙi kamar shan ruwa. Uku kacal ta faɗi. Sakamako ya fito: ɗari shida da tamanin.

Muka kwashi takardun biyu sai wurin malamin lissafinta. Yaya ya shimfiɗa su a tebur ya ce, "Malam, uku da biyar wanne ya fi yawa?"

Malamin ya ce kowane zama da takardarsa, wata ta fi wata tsauri. Don kada a cuci wanda ya gamu da mai wuya, akwai jadawalin da ake juya yawan amsoshi zuwa maki. A takarda mai wuya kuskure ba ya cin maki sosai, a mai sauƙi kuwa kowane ɗaya da tsada yake.

"Wato yaran da ta zauna da su ne suka danne ta?"

"A'a, ba da su ake gwada ta ba. Da nauyin takardar ne."

"To ashe dutsen awon ma canzawa yake?"

"Don awon ya zo daidai ake canza shi."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Wallahi ni ma kaina ya kulle, ga haushi ya cika ni har wuya, na rasa wa zan sauke wa.

Gurbin jami'ar ya wuce ta, sai baɗi. Ba ta taɓa ce wa ubanta komai ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Takardun biyu yanzu suna cikin akwatin nan tare da duwatsun, yakan ciro su ya sake ƙirgawa da yatsa.

Makon jiya ta kawo masa fom na jarrabawa mai zuwa, wadda za a yi a zama biyu, ta ce, "Baba, wane zaman zan cike, na farko ko na biyu?"

Ya karɓi fom ɗin ya duba, sannan ya miƙa mata.

"Kada ki tambaye ni, 'yata. Ni na ce ki sake."