Shayi a Finjalin Azurfa

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina zaune a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, muna haɗa ofis da wani ɗan garinmu. Sana'armu ɗaya: ɗan kasuwa ya sayi kayansa, mu tattara, mu cika kwantena, mu tura gida. Ɗaki ɗaya ne a saman wani tsohon bene, teburinsa can, nawa nan, kowa da kwastomominsa. Mutum ne mai son a gani. Takalminsa kullum da ƙyalli, takardunsa kullum a warwatse.

Kafin wasannin aka matsa wa biza. Masu zuwa sayen kaya suka ɗauke ƙafa, kuma duk wanda ba shi da aikin da zai nuna, ba a sabunta masa zama. Ni ina da tsofaffin mutanena da suke aiko saƙo daga Kano. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa: wani dattijo Alhaji daga Maraɗi, mai sayen tufafi da takalma da yawa, ya ɓata da wanda yake tura masa kaya, yana neman sabon hannu. In ya samu Alhaji ya zauna a Guangzhou. In ya rasa shi sai gida.

Mai hankali zai fara gyara takardunsa, sannan ya gyara sito, sannan ya gayyaci baƙo. Shi sai ya fara da kofin shayi.

A kasuwar tufafi ta Baima ya san wata Barashiya mai sayen rigunan sanyi. Ita ma zamanta ya ƙare, tana sayar da abin da ba za ta ɗauka ba. Ya ja ni muka je masaukinta. Ta kwance wani tsumma, sai ga finjalai ƙanana da cokulansu, ta ce na kakarta ne. Ban taɓa riƙe aikin hannu irin wannan ba. Jikin azurfa ne mai nauyi. An murɗa zaren azurfa siriri kamar gashi, an lanƙwasa shi ya zama ganye da fure, an manna a jiki. Kowane ɗan gurbi an cika shi da garin gilashi, an sa a wuta ya narke ya daskare: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, ja, da fararen ɗigo jere a baki. A gindi akwai ɗan hatimi, kan mace da lamba a gefe. Ta nuna da yatsa, ta ce tun zamanin sarakunansu ake buga shi. Wani wuri gilashin ya ɗan guntule saboda tsufa. Wanda ya yi wannan aiki ya san abin da ke gaba da abin da ke baya. Wanda ya saya bai ko juya finjalin ya duba ba.

A tasi na faɗa masa abin da ya kamata ya sani. Na ce ba a ci ba a sha a kwanon azurfa, kowane ɗan makarantar allo ya ji wannan. Na ce kuma matar da bakinta ta faɗa, barasa kakanninta suke sha da su.

Ya ce, "Malam, kai dai komai sai ka kawo ƙa'ida. Manya da kaya ake kama su."

Alhaji ya zo bayan la'asar, da hularsa da carbi, ya zauna. Mutumin nawa ya dafa shayi, ya jera finjalan a faranti kamar mai baje koli, ya zuba, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba irin na kowa ba ne. Azurfa ce zalla, daga gidan sarautar Rasha. Duk Guangzhou babu irinsu."

Gidan sarauta! Kakar mai rigunan sanyi ta zama gimbiya a bakinsa.

Alhaji ya riga ya miƙo hannu. Ya janye.

"Azurhwa ka ce, ɗan Kano?"

"Zalla, Alhaji. Ji nauyi."

"To, sha abinka. Ni ban shan komi cikin wanga abu. Ba ka da kwap na roba?"

Na ga fuskar abokin ofishina ta canja. Abin yi a fili yake: ya ce Alhaji a gafarce ni, ya ɗauko kofin gilashi daga teburina, a ci gaba da magana. Dattijon bai yi fushi ba, murmushi ma yake yi. Amma akwai mutanen da ba su iya cewa sun yi kuskure, sai dai su ƙara wani a kai. Ya fashe da dariya.

"Kai, Alhaji, wasa nake! Wace azurfa? Gwangwani ne. Nan bayan gari wani laban, wato mai masana'anta, yake buga su, ya shafa musu fenti. Azurfa meyo, in ji 'yan Sin, babu ita! Sha abinka, halal ne."

Alhaji ya ɗauki finjalin, ya juya shi, ya daɗe yana kallon hatimin. Ya dube ni. Na dubi bango, domin ba ni aka tambaya ba. Ya ajiye finjalin a hankali, shayin bai ko taɓa leɓensa ba.

"Ɗazu zalla, yanzu gwangwani," in ji shi. "To ni in na ba ka kayana, ran da ka kira ni ka ce sun hau jirgi, wace magana zan ɗauka? Ta hwarko ko ta biyu?"

"Haba ranka ya daɗe, ai raha ce."

"Na ji. Allah shi ba da kasuwa."

Ya tashi, ya yi mini sallama da hannu, ya sauka. Kafin mako ya fita, kayansa suna wurin wani ɗan zangon Ghana da ke ƙasan benenmu, mutumin da yake ba baƙi ruwan zafi a kofin takarda.

Da zaman abokin ofishina ya kusa ƙarewa, ya nannaɗe finjalan a tsumma ya shiga yawo da su ofis-ofis, daga Sanyuanli har wurin masu zuwa baje kolin Pazhou. Yana rantsuwa azurfar Rasha ce, yana nuna hatimi, yana bayanin zare da gilashi da kalmomin da ya ji a bakina. Wannan karon gaskiya yake faɗa. Amma labarin ya riga shi isa ko'ina. Duk inda ya kwance tsumman sai a ce, "A'a, na laban ɗin bayan gari ne? Ai kai ka faɗa da bakinka."

Ranar tafiyarsa ya roƙe ni in shaida wa mutane cewa finjalan na gaske ne. Na ce duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa. Babu wanda ya tambaya. Ya cusa su cikin safa, ya danna a akwati tsakanin takalmansa, ni kuma na kira mai benen na ce a fitar da teburinsa.