Jirgin Rimi Mai Rumfa

Zamanin Turawa ne, ina amarya, muka je bakin kogin Haɗeja da maigidana da surukina zaɓen jirgin da zai zame mana gida duk tsawon lokacin kamun kifi.

Jirage biyu wani masassaƙi ya nuna mana. Ɗaya na maɗaci ne, baƙi, mummuna, ba komai a kansa. Ɗayan na rimi ne, fari tas, da rumfar zana, da gurbin murhu, har da wurin rataye komar kamun kifi.

Ni 'yar masassaƙi ce. Na ƙwanƙwasa gefen na rimin da zobena, ya amsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Amma surukina ya riga ya shige rumfar, ya miƙe ƙafa yana cewa, "Madalla! Wannan ai ɗaki ne!" Wace amarya ce za ta buɗe baki a gaban suruki? Na ja mayafi, aka biya kuɗin na rimin.

Tun kafin mu kai garin Guri jirgin ya fara yoyo. Wata uku ina durƙushe ina kwalfe ruwa da ƙwarya, su kuwa suna zaune a inuwa suna yabon rumfa.