Na Yanke Fuskar Ƙawata Daga Hotunanmu

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai shekara talatin da ɗoriya, ina tuyar dankalin Turawa da doya a bakin titi a Gada Biyu, cikin Jos. 'Ya'yana uku, mijina direban babbar mota ne wanda ya fi kwana a hanya a kan gida. Ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, amma bakina ya fi na mai digiri kaifi. Duk layinmu an san ni, ba na ɓoye magana, ba na lallashin kowa, kuma in na ce na bar mutum to na bar shi ke nan. A lokacin gani nake wannan hali abin tinƙaho ne. Yau na haura sittin, na iya riƙe biro, shi ya sa na ce bari in rubuto muku da hannuna, ko wata mai irin zuciyata za ta karanta ta dakata.

Ƙawa ɗaya tak na taɓa yi a duniya. Tare muka tashi a barikin kuza na Naraguta, ubana da nata rami ɗaya suke haƙa. Ita Kirista ce, 'yar asalin duwatsun nan, ta gama firamare ta koyi ɗinki, ni kuwa faranti aka ɗora mini na talla. Aure ya sake haɗa mu a Gada Biyu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Tana kirana Barkono, ina kiranta Malama. Muna da wata al'ada da ba mu taɓa fashi ba: sau biyu a shekara, ranar Ƙaramar Sallah da ranar Kirsimeti, za ta ɗinka mana anko, mu tafi shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai hoto a bakin gada. Yana da labule mai zanen jirgin sama, da furen roba, da wata wayar tarho da ba ta haɗe da komai. Kullum sai ya yi fama da ni in yi murmushi, ita kuma tana ta dariya, wushiryarta a waje, tana ce masa ya ƙyale ni, wai haka aka haife ni kamar wadda aka kawo caji ofis. Yakan wanke guda biyu, kowa ta ɗauki ɗaya. Amma kafin ta miƙa mini nawa sai ta juya bayansa ta yi rubutu. In na tambayi abin da ta rubuta sai ta ce zagina ta yi, in ina so in sani in shiga makaranta. Mu yi dariya, in kai gida in liƙa a albam.

Ranar da komai ya lalace, 'yata ta fari ce ta samu sakandare, aka ce uwa ko uba su zo su sa hannu a fom. Babanta yana hanya, sai na roƙi ƙawata ta raka ni. Iyaye sun cika ofis, layi har waje. Da aka zo kaina malamin ya miƙo mini biro. Kafin in buɗe baki sai ta riga ni, da ƙarfi, tana dariyar nan tata, ta ce masa oga ya mayar da bironsa, wannan ba ta karatu, a kawo tawada ta dangwala. Wata mata a bayana ta yi dariya. Na waiga na ga 'yata ta sunkuyar da kai. Na dangwala yatsa, muka fito. Muka kamo hanyar gida. Ina shiga ɗaki na janyo albam ɗin, na ɓare sabuwar reza, na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, sun fi talatin, ina yanke gefenta. Babban yatsana mai shuɗin tawada shi ne yake danne takardar. Na tattara fuskokinta a gefen zane, na fita wajen tuya na zuba su a murhu ƙarƙashin kasko. Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa sai in bar wurin.

Washegari ta shigo da kwanon gwaten acha. Na ce mata ta mayar, jahila ba ta cin abincin masu ilimi. Ta tsaya tana kallona, ta ce haba Barkono, a kan wannan 'yar maganar? Ta ce sauƙi ta so ta yi mini don kada a tsayar da ni ina kame-kame da biro a gaban mutane, amma ta yarda bakinta ya yi kuskure. Har durƙusawa ta yi a tsakar gidana, mace mai 'ya'ya. Na juya mata baya. Kirsimeti ta zo ta aiko da shinkafa, na mayar. Sallah ta zo ta aiko da ankon da ta ɗinka, na mayar. Sau uku tana yin haka kafin ta haƙura. Daga baya gari ya hargitse da rikicin addini, kowa ya tattara ya koma cikin nasa, mu ma muka bar Gada Biyu. Mutane suka ɗauka wannan ne ya raba mu, ni kuma na bar su a haka don ya fi daɗin faɗi. To yau ina faɗa a fili: ba rikici ne ya raba ni da ita ba, ni ce da rezata. Haushinta ne ma ya kai ni makarantar yaƙi da jahilci. Shekara huɗu ina zama a benci da allo a cinya, burina kawai in rubuta mata wasiƙa mai zafi da hannuna. Na iya karatun, wasiƙar ce ban taɓa rubutawa ba. Albam ɗin kuma yana ƙasan akwati, ban ƙara buɗe shi ba. Mijina ya rasu, 'ya'ya suka yi aure suka watse, ɗaya Kaduna, ɗaya Bauci, ɗaya Abuja, na rage ni kaɗai da rediyo.

Bayan fiye da shekara ashirin, wata safiya da damina, ana yayyafi mai sanyin nan na Jos, wata mata ta yi sallama. Sai da ta cire lema na gane 'yar ƙawata ce, yarinyar da na goya a bayana. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Mama, mamanta ta rasu shekaranjiya. Ta ce uwar ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. A al'adarsu in za a yi jana'iza ana buga ɗan littafi da fastar liƙawa a bango masu ɗauke da hoton mamaci, kuma nasu hotunan duk sun tafi shekarar da rafi ya cika ya shiga gidaje, akwatin ya kwana cikin laka. Abin da ya rage sai na waya, na lokacin ciwo. Ta ce kafin mamanta ta cika, da ƙyar take haɗa magana, ta ce kada a kuskura a manna wannan fuskar a bango, a je wurin Barkono, fuskarta ta gaskiya tana wurinta, domin Barkono ko tana fushi ba ta yar da abu. Edita, ni da ake tsoro saboda faɗar gaskiya, ranar na yi ƙarya. Na ce hotunan sun ɓace wajen tashi. Yarinyar ta ce ba komai Mama, haka Allah ya so, ta yi mini godiya, ta buɗe lemarta ta tafi.

Tana fita na janyo akwatin. Ga ni nan shafi bayan shafi, ni kaɗai, fuska a murtuke, gefena a yanke, rabin jirgin sama, rabin furen roba. Sai a lokacin na tuna da rubutun baya, kuma yanzu na iya karatu. Na ɓamɓaro su ina juyawa. Rezar da ta ɗauke fuskarta ta ɗauke rabin kowace magana, sai guntaye, nan 'yar'uwata, can Sallar da muka, sauran yana cikin toka. Guda ɗaya ne ya ɗan tsira, don a shi ta tsaya a bayana ta dafa kafaɗata, sai kanta kawai na ƙwaƙule na bar rami. A bayansa, duk da ramin, na iya haɗa maganar. Cewa ta yi ta rubuta wannan ne don ranar da zan karanta da kaina, kuma ta san zan karanta, domin ba ta taɓa ganin mai taurin kai irina ba. Ranar jana'izar na je, na tsaya nesa da cocin a gindin wata bishiya. Fastar tana jikin katanga, ruwa yana dukanta: tsohuwa ramammiya, baki a karkace, ido ɗaya a lumshe. Wannan fuskar jikokinta za su riƙe, kuma ni na jawo.

Daga ranar na shiga nema. Shagon mai hoton ya koma wurin sayar da katin waya, aka ce mini shi mai hoton ya koma garinsu ya rasu, fina-finan hotunan kuma an kwashe an zubar tun da waya ta kashe sana'ar. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin gadaje da durowoyi a kasuwar Laranto ya ce sau da yawa sukan tarar da albam a cikin durowa, in masu gida sun mutu ko sun tashi, kuma hura wuta ake yi da su. Na roƙe shi ya riƙa ajiye mini. Tunanina shi ne, mace mai ɗinka wa amare kaya, mai waƙa a zumuntar mata ta coci, dole ta faɗa cikin hoton wani, ko a gefe ne. Na bi 'yan gwangwan ma, masu sayen tsofaffin ƙarafa da tarkace, yanzu duk sun san ni. In sun hango ni sai su ce ga Hajiya mai hoto, wani har ya taɓa tambayata ko miji nake nema a ciki. Na ce masa in miji nake nema ai ba zan zo wurin masu warin tsatsa ba. Suka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauki buhuna na dawo ɗaki inda ba mai jirana.

Yanzu jaka uku gare ni cike da mutanen da ban sani ba. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa in sa tabarau in bi su ɗaya ɗaya. Ga leburori a bakin ramin kuza da kwanuka a ka. Ga saurayi da wando mai faɗin ƙafa ya jingina da babur ɗin da ko shakka babu aro ne. Ga amarya da farar riga tana kallon wani abu a wajen hoton, ban san ko me ba ne. Ga jariri a kan tebur kusa da talabijin, an rubuta a baya wata shida, ba suna. A wasu nakan gane labulen nan mai jirgin sama, sai in duba kowace mace mai wushirya, ba ita ba ce. Nakan ce a raina kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau ya tsaya don a tuna da shi, ga shi ya ƙare a hannun tsohuwar da ba ta san sunansa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na tarar da wasu hotunan ma a yanke, wasu an soke ido da allura. Ashe muna da yawa.

Sai da aka shekara na iya ɗaukar albam ɗin na kai wa 'yar ƙawata. Na ce mata ƙarya na yi, ga abin da na aikata, ba wajen tashi suka ɓace ba. Ta buɗe tana juyawa har ta zo kan mai ramin. Ta ɗora yatsa a kan hannun da ke kafaɗata, ta ce wannan hannun mamanta ne, ga tabon allurar keken ɗinki nan a yatsa. Ta ce Mama, da kin faɗa mini tun ranar, da hannun nan muka buga, ya fi waccan fuskar. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga ina da bakin roƙo ba. Ta tambaya ko za ta iya riƙe shi, na ce nata ne. Ta rako ni har bakin titi ta tsayar mini da mota.

Abin da na koya shi ne fushi yana da ranar ƙarewa, amma abin da aka yi da hannu a cikinsa ba ya ƙarewa. Na ɗauka hotona nake yankewa, ashe amana ce aka ba ni ajiya, ta yaran da ba a ma haifa ba. 'Yan'uwana mata, musamman masu zafin kai irina, in wata ta ɓata muku rai ku yi faɗa, ku yi gaba in kun ga dama, amma ku kulle albam a akwati ku ba wa wani makullin. Masu waya ma kada ku ce ba da ku nake ba, gogewa ta fi reza sauri. Ku rubuta sunayen mutanenku a bayan hotuna tun kuna tunawa. Kuma in an zo an durƙusa muku, ku juyo. Ni har gobe ina zuwa Laranto, don akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku: in na rufe ido ina neman fuskarta, wushiryar kawai ke zuwa, sauran ya fara ɓace mini.