Jan Ƙyalle a Gonar Dawa

Mun tashi daga Azare ana idar da sallar asuba, ni da abokina malamin tarihi, a wata farar a-kori-kura da muka ɗauka shata. Ni dai ba da son raina na fito ba. Abokin nan nawa ya daɗe yana cika mini kunne da labarin wani likita Bature da ya ratso hamada cikin ayarin fatake, tun kafin mulkin Turawa, wai ya zo gano inda koguna suka dosa, ciwo ya kashe shi kusa da tsohon garin Katagum. Kabarinsa yake son gani. Na ce masa, mutum ya zo gano kogin da kakanninmu ke wanka a ciki, ni kuma in bi sawunsa don me? Ya ce kifin ranar a wuyansa yake. Sai na shiga mota.

Damina ta ja baya amma ruwa bai janye ba. Akwai inda ya cinye rabin titi, direba ya kutsa, mota tana tangaɗi, ni kuwa babu addu'ar da ban karanto ba, har da ta shiga kasuwa. A Katagum muka karya da soyayyen kifi mai zafi da yaji. Mai kifin ta dubi motarmu, ta dubi takalmin abokina da malafarsa, ta tsawwala kuɗi kamar a Abuja muke. Na yi ta masifa. Da ina da hankali, da tun nan na gane abin da mutane ke gani in sun dube mu.

Wani mai shayi ya yi mana kwatancen wani ƙauye. Da muka isa na ce mu fara gaida Bulama, wato mai garin. Abokina ya ce ai ba daɗewa za mu yi ba. Muka wuce kai tsaye zuwa wata gonar dawa da ke da tsohuwar kanya a tsakiya, inda taswirar wayarsa ta nuna masa. Dawar ta fi mu tsawo, ta fid da kai amma ba ta ƙosa ba. Ya riƙa taku yana duba waya, ya je ya dawo. Can ya karyi kara, ya ɗaura masa jan hankicinsa, ya kafa a ƙasa don wurin ya fito a hoto.

Matan da ke roron wake a gonar maƙwabta suka hango jan ƙyallen. Ɗaya ta yar da ƙwarya ta ruga cikin gari.

Ba a jima ba dawa ta fara motsi ta kowane gefe. Maza ne, wani da lauje, wani da fartanya, wani da gora. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne babu wanda ya yi sallama, ni kuma na yi, ba a amsa ba. Na ji wani yana faɗa da Fulatanci a tare hanyar mota. Direba ya ɗage gilashi ya kulle kansa. Wallahi a nan na tuna ban ma gaya wa iyalina ƙauyen da muka nufa ba.

Sai ga mai gonar, tsoho tukuf, hannunsa babu komai. Ya durƙusa a gaban abokina.

"Ranka ya daɗe, ku bari in girbe tukuna," in ji shi. "Ita kaɗai gare ni."

Ashe bara wasu sun zo ƙauyen da ke gaba da su da farar mota, suka yi taku, suka kafa sanduna masu jan ƙyalle. Ba a daɗe ba motar rusau ta biyo baya, gonaki suka tafi.

"Baba, don Allah tashi," na ce. "Mu malaman makaranta ne, kabarin wani Bature muke nema."

A tsakiya aka sa mu har ƙofar Bulama. Ya wanke mu tas, kuma mun cancanta. Muka rantse, abokina ya goge hotunan a gaban kowa, aka kawo mana ruwa. Tsoho mai gonar dai bai saki fuska ba. Da abokina ya tambaye shi ko ya san kabarin, ya ce bai sani ba. Ya ce abin da ya ji daga manya shi ne baƙon farko tambaya kawai ya yi, ya rubuta, aka ba shi masauki. Waɗanda suka zo bayansa ba su tambayi kowa ba.

"Ku ma na farko ne," ya ce.

Ba mu yi wata hira a hanyar dawowa ba. Ruwan da ya firgita ni da safe ko kallonsa ban yi ba. Mun shigo Azare da la'asar, na yi wanka, na gode wa Allah, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kwanaki na haɗu da direban a tasha. Ya kai kaya ƙauyen ranar kasuwa. Ya ce washegarin zuwanmu tsohon ya tara 'ya'yansa suka sare dawar nan ɗanya, don kada motar rusau ta riga su. Rabinta ko tsaba babu.

Ranar tafiyar nan na fita ina yi wa Baturen da ya mutu dariyar shiga ƙasar mutane yana aune-aune, ga shi ni ɗan ƙasa na taya an yi irinta. Yanzu ko bishiya zan je kallo a garin wani, sai na fara tsayawa ƙofar mai gari. Mun haɗa buhun dawa ni da abokina mun aika masa. Direba ya ce ya karɓa ya yi godiya, sannan ya tambaya, yaushe za mu dawo da motar rusau?