Baƙon da Ya Zo Cikin Dabino

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, a kwance na yi yawancinta. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin, sai na faɗi da babur ƙafata ta dama ta karye. Aka yi mini ɗori, kuma da yake ban yi aure ba, aka kai ni jinya gidan kawuna a Ƙofar Kwaya. Kawu fataucin dabino da kanwa yake yi, motoci na kawo masa kaya daga Agadas. An shimfiɗa mini katifa a ɗakin da ke jikin zaure, bango ɗaya da ɗakin ajiyarsa, har tufafina suka ɗauki ƙamshin dabino.

Wata rana da hantsi, bazara ta fara zafi, 'yan dako na sauke buhuna, sai na ga sun watse. Daga inda nake kwance ina hangen tsakar zauren. Maciji ne ya sulalo daga tsakanin buhuna biyu. Bai kai tsawon sandar makiyayi ba, launinsa kamar na rairayi, bayansa da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere tun daga wuya har wutsiya. Ya naɗe yana huci. Wani ya rarumo ice, Kawu ya ce masa ya dakata. Ya tsuguna ya daɗe yana dubansa.

"Wannan ba ya kisa," in ji shi. "Ɓera yake ci. Babu irinsa a ƙasarmu, na arewa ne. Rabona da ganinsa tun ina bin raƙuma da mahaifina."

Ya jefa masa tsumma a ka, ya ɗauke shi a hankali ya sa a wata tsohuwar randa. Labari ya kai cikin gida, Inna matar Kawu ta leƙo da mayafi a ka.

"Alhaji, maciji hwa? A gidan da jikoki ke rarrafe?"

"Baƙo ne, Hajiya. Ya sha tafiya, a bari ya huta."

Ta ce to, amma kada ya ƙetare zaure. Ta haka ya zama abokin ɗakina.

Muna da maƙwabci kafinta, mutumin Filato, wanda ya daɗe a unguwar har Katsinanci ya kama bakinsa. Shi ya haɗa mana akwati da katako da gilashin tsohuwar taga, ya huhhuda murfin. Bai yarda ya shigo ɗakin ba, daga bakin ƙofa ya miƙo shi yana dariya. Muka zuba yashi a ciki, da dutse ɗaya, da 'yar tasa ta ruwa, da fasasshen kasko inda zai ɓuya. Abinci bai zama wahala ba, domin tarkon da ke ɗakin ajiya ba ya kwana banza.

Kwanakin nan sun cakuɗe mini a kai, ba na iya raba wannan da wancan. Bayan Azahar gari yakan yi tsit, sai rediyon Kawu da ke ta magana a zaure a kan wanda ya ci zaɓe da wanda ya tafi kotu. Wani lokaci mota mai lasifika ta wuce da kiɗan jam'iyya, sautin ya yi nisa ya ɓace. Ni kuwa ina kwance a gefe ɗaya ina kallon gilashi. Macijin yakan fito daga ƙarƙashin kaskon, ya bi gefen akwatin a sannu, yana taɓa iska da harshensa. Idan na daɗe ina kallo, tsakanin barci da ido biyu, ɗige-ɗigen bayansa sukan koma mini ayari yana ratsa tudun rairayi, raƙumi na bin raƙumi. A lokacin ban taɓa wuce Jibiya ba a rayuwata, amma a ɗakin nan na riƙa ganin rijiyoyin da Kawu ke ba ni labari, da inuwar itatuwan dabino, da mutane masu baƙin rawani suna dafa shayi.

Kawu ne ya koya mini ɗaukar macijin. "Kada ka damƙe shi, Malam ƙarami. Ka shimfiɗa hannu kawai, shi zai zo." Na zaci zan ji danshi ko santsi, sai na ji shi a bushe, da ɗan sanyi, kamar saƙaƙƙiyar igiyar fata. Ya hau damtsena ya tsaya, ina jin ƙarfinsa yana motsi a hankali.

Ranar rantsar da sabon shugaban ƙasa maza duk suka tafi gidan kafinta kallon talabijin. Na fito da macijin ya kwanta a kan ƙirjina saboda ɗumi. Ina jin hayaniyarsu daga nesa kamar ana magana a cikin rijiya. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka yana nan naɗe a gefen wuyana, Kawu na tsaye a ƙofa yana ce mini farar hula sun hau.

Bayan haka idanun macijin suka yi fari-fari kamar an ɗiga musu nono, ya daina cin abinci. Na damu ƙwarai, na ɗauka makanta ce. Kawu ya ce saɓa zai yi, in ƙara masa ruwa in ƙyale shi. Da lokacin ya zo, Inna ce ta tarar da mu, ta kawo mini kunu. Yana goga hancinsa a jikin dutsen, tsohuwar fatar na zamewa baya, sabuwar na fitowa tana sheƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu har ya gama.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe kyakkyawa ne." Ba ta shigo ba, amma daga ranar takan tambaye ni ko ya ci.

Da damina ta kankama, ganuwa ta yi kore, ɗakin ya yi laima, sai macijin ya canza. Ya daina yawo, numfashinsa ya fara yin ƙara kaɗan-kaɗan. Muka sauya yashi, muka riƙa fitar da akwatin rana, bai warware ba.

"Ruwanmu ya yi masa yawa," in ji Kawu. "Ka fara taka ƙafa. In mota za ta koma, ka raka shi."

Haka aka yi. Na zauna a gaba kusa da direba, sandata tsakanin ƙafafuna, macijin a cikin jakar yadi a kan cinyata. Muka wuce Jibiya, muka wuce Maraɗi, gonakin gero suka yi ta raguwa har ƙasa ta koma fara, itatuwa ɗai-ɗai. Washegari da la'asar direban ya tsaya a wani wuri mai duwatsu ya ce nan ya yi. Na ɗingisa zuwa gindin wata ƙaya na kwance bakin jakar. Bai yi sauri ba. Ya fito rabi, ya daɗe yana kaɗa harshe, sannan ya miƙe. Ina kallonsa sosai, amma ban ga inda ya shiga ba, launinsa da na ƙasar sun zama ɗaya.

Na tsaya a wurin har direban ya kira ni mu yi salla. Muka yi taimama, domin ruwan da ke gare mu na sha ne. A gari na gaba na sami wata motar da za ta Katsina, na dawo a kan buhunan kanwa, ina gyangyaɗi mafi yawan hanya.