Ramin da ke Bayan Rumbunmu

Duk sa'ad da na ji ƙamshin ƙasar da aka tono bayan ruwan farko, sai in tuna shekarar da irin gyaɗarmu ya ɓata. Ina yarinya a lokacin, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, zamanin da maganar dagaci ta isa ta kashe kowace rigima.

Mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, gandu ɗaya suke nomawa. Da damina ta gabato aka buɗe rumbu don a ɗauko iri, sai aka tarar fiye da rabi babu. Ba mai hawa rumbun nan sai su biyu. Mahaifina ya ce, a gaban kowa, in Baffa bai fito da gyaɗar ba zai kai shi gaban dagaci. Washegari Baffa ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar Babura.

Bayan kwana uku kakata, wadda ta haife su, ta dawo daga biki a Gwiwa. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta dafa kafaɗata muka zagaya bayan rumbu. Can ta ga wani rami an toshe bakinsa da sabuwar ƙasa. Na ce mata na kurege ne, don shi kaɗai na sani, kullum muna korarsa a gona.

Ta ce, "A'a, 'yar nan. Kurege da rana yake yawo, ramin nasa a gona, bakin a buɗe. In ya tono iri, nan yake tsayawa ya ci, ya bar miki ɓawo. Gafiya kuwa ba ta fita sai mutane sun kwanta. Ta cika kumatunta, ta kai cikin rami ta tara, ta toshe ƙofa."

Ta sa aka kira mahaifina ya zo da dagi. Ta nuna wurin da sanda, ta ce, "Haƙa nan."

Ya yi ta haƙa har gumi ya jiƙa rigarsa. Ramin ya yi kwana ya bi ƙarƙashin duwatsun da rumbu ke kai. Kwatsam wata ƙatuwar gafiya ta fito da gudu, tana jan doguwar wutsiya mai farin baki. Ba wanda ya bi ta, domin ga gyaɗarmu nan jibge, ko ɓawonta ba a fasa ba.

Mahaifina ya zauna a kan ƙasar da ya tono. Sannan ya ce, "Inna, na zalunci ɗan'uwana."

Ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi ka bi shi."

Ya je Babura a ƙafa. A kasuwa aka ce masa Baffa ya bi wasu fatake ya tsallaka ƙasar Faransa, wadda yanzu ake kira Nijar. Ya dawo shi kaɗai. Muka shuka irin, ya kuma yi kyau. Tun daga shekarar, kowace kaka mahaifina sai ya ware rabon Baffa ya ajiye, in shekara ta zagayo ya bayar sadaka. Haka ya yi har ya rasu. Baffa bai dawo ba.

Yanzu jikokina duk abin da ya shiga rami ɓera suke ce masa. Mota takan kai mutum Babura tun rana ba ta yi zafi ba, kuma kowa da waya a aljihu. In na ga suna kiran juna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, nakan tuna da Baffa. Kira ɗaya kacal mahaifina ya rasa.