Tsingaron da Iya Lami Take Ɗebo Wuta da Shi

A gidanmu na Birnin Gwari, tun kafin zuwan Nasara, da an idar da magariba an rufe ƙofar gari sai mu jikoki mu kewaye murhun kakarmu Iya Lami. Bagwariya ce da kakanmu ya auro daga wajen Kusasu, 'yar guntuwa, kafaɗarta ta dama ta ɗan sunkuya saboda a kafaɗar ta yi ta ɗaukar kaya tun tana yarinya. Ba ta da fara'a, kuma ba ta yafiya da wuri. Ni ce na gado ta, haka kowa yake faɗa, kuma ban taɓa musu ba.

Tana da wani tsingaro, guntun fasasshen tulu, ja mai sheƙi da santsi, wanda take ɗebo garwashi da shi. Ranar da na ɗauke shi don in yi wasan girki, sai da ta murɗe min kunne har na ji shi a haƙori.

Idan za ta fara labari sai ta tona wuta da tsingaron nan ta ce, "Ga wata ta taso daga cikin toka." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta." Tana ba mu na gizo da na kura, amma akwai ɗaya da in ta zo kansa muryarta take sauyawa.

Wai an yi wata maginiya a wani ƙauye a bakin dajin Kamuku. In ta gina tulu, tun yumɓu yana ɗanye sai ta murza igiyar kaba a jikinsa, zane ya fito layi bisa layi, daga wuya har ciki. Matan ƙauyen ba sa sayen na kowa sai nata ya ƙare.

Sai wani Tanko ya dawo garin. Ya bi fatake shekara da shekaru, ya ga Zazzau, ya ga Kano, ya dawo da rawani da sanda da dogon bayani. Mai gari ya yarda da idonsa, ya ce duk kayan da za su shiga gidansa Tanko ne zai zaɓa. Ran kasuwa Tanko ya tsaya a kan maginiyar nan, ya ƙwanƙwasa tulunta da sanda.

A nan Iya Lami takan maƙe murya ta kwaikwaye shi: "Wannan kuma mene ne, tonon kaji? Ke, a birni ko akuya ba za a ba ruwa a wannan ba. Abin ado santsi ake yi masa, a goge shi har mutum ya ga fuskarsa." Ya ɗaga sanda ya fasa mata tulu uku a gaban jama'a, ya sa aka mayar da ita ƙarshen kasuwa, kusa da inda mahauta suke zubar da ƙazanta. Matan da suke rububin kayanta suka fara jin kunyar a gan su a wurinta.

"Ta yi kuka?" na tambaya.

"Ba a gabansa ba," in ji Iya Lami. "Kwashe tsingaronta ta yi ta tafi gida."

Azumi ya kama a tsakiyar bazara, aka ce wani babban madugu zai sauka da ayarinsa, mai gari zai yi masa buɗe-baki. Maginiya ta shiga ɗaki ta gina tulu daidai yadda Tanko ya siffanta. Ba ta sa masa zane ko ɗaya ba. Kwana huɗu tana goge shi da ƙaramin dutsen rafi har ya ɗauki ido, ta gasa shi ita kaɗai, ta ba wata ƙawarta ta jera shi cikin kayanta.

Tanko yana ganinsa ya tara mutane. "Ku zo ku ga aiki! Wannan hannun birni ne, ba na nan ba. Ku da ba ku taɓa fita ba, ku buɗe ido." Duk matan kasuwa sun san abin da bai sani ba, kuma ba wadda ta buɗe baki. Tulu yana sanyaya ruwa ne saboda yana zufa, wanda aka goge kuwa an toshe masa jiki. Zanen nan da ya kira tonon kaji shi ne abin da jiƙaƙƙen hannu yake kamawa in za a ɗora tulu a kafaɗa. Tanko bai taɓa zuwa rafi ɗebo ruwa ba.

Tanko ya sa aka kai tulun gidan mai gari, aka cika shi tun da hantsi. Al'adar garin ita ce wanda ya zaɓo abu shi zai miƙa shi da hannunsa. Rana ta faɗi, Tanko ya tsiyaya wa madugu a ƙwarya. Mutumin da ya wuni yana tafiya da ƙishirwa ya kurɓa, ya tsaya, ya dubi mai gari ya ce, "Na wanka aka kawo ne?" Mai gari ya daka wa Tanko tsawa ya ɗauke abin. Hannunsa a jiƙe, Tanko ya ciccibi tulu, tulu ya sulɓe ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa, ya tarwatse, ruwa ya malale buzun baƙo.

Iya Lami takan dakata a nan ta yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Mu ma mu yi, don ba kullum muke ganin haƙoranta ba.

Tanko ya ce laifin wanda ya gina ne. Washegari aka nemo mai shi, sai ga maginiyar ƙarshen kasuwa. Ta ɗauki wuyan tulun ta nuna shatin babban yatsanta a ciki, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, yadda ya ce kyau yake, haka na gina. Kasuwa duka ta ji lokacin da ya yabe shi." Mai gari ya karɓe zaɓen kaya daga hannun Tanko, aka mayar da ita wurinta na da. Daga ranar, duk inda ya ratsa yana ɗingishi sai mata su hau ƙwanƙwasa tuluna da yatsa. Bai kai damina a garin ba.

"Ta koma tokarta," in ji Iya Lami, ta rufe wutar.

Sai da ta rasu, ina da aure da 'ya'ya, muna kwashe kayan ɗakinta, na juya tsingaron nan na ga shatin yatsa a cikinsa. Na ɗora nawa a kai. Ƙarami ne, irin nata. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Sai yau kika gane?"

Ban taɓa tausaya wa Tanko ba, har yanzu in na tuna yatsansa sai in ji sanyi a raina. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tulu ba ya zo ya ce shi zai faɗa wa masu ɗauka wane ne kyakkyawa, abin da ya samu bai ma kai hakkinsa ba. Amma na daɗe ina juya tsingaron a hannu, kuma sai in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin yumɓu mai kyau irinsa ba. Tanko bai yi ƙarya ba da ya yabe shi. Ita ma ta san haka, ina jin shi ya sa ba ta yar da shi ba, kuma shi ya sa ba ta ɗora shi a kan jere ba. Abu mafi kyau da hannunta ya taɓa yi, don ta kunyata mutum ta yi shi, bai kuma shayar da kowa ruwan sanyi ba. Shekara arba'in tana cusa shi cikin wuta kowace yamma. Yanzu yana wurina, kuma ni ma garwashi nake ɗebowa da shi.